Kafin Ka Bari A Yi Wa Kwamfutar Gida Fomatin

Koke-koken da ake kawo mini a kan kwamfutar gida kusan bakinsu ɗaya ne. Ta yi nauyi, sai an sha shayi an gama kafin ta tashi, tallace-tallacen rashin kunya suna faɗowa a gaban yara, an kai wa mai gyara ya duba ta minti biyu ya ce, "Alhaji, sai dai fomatin." A kan wannan kalma ta ƙarshe nake son mu tsaya yau.

Fomatin na nufin a share duk abin da ke cikin rumbun ajiyar kwamfutar, a sake ɗora mata babbar manhajar da ke tafiyar da ita, wato Windows, tamkar yau aka sayo ta. Ba na cewa masu gyara macuta ne. Aikin ne ya fi musu sauƙi: awa ɗaya ko biyu, kuɗinsa sananne, kuma ba sai mutum ya wahala neman inda ciwon yake ba. Amma kai mai kaya ka san abin da ke ciki. Lissafin bashin da kake bin mutane a Excel, rasiɗan kayan da aka loda, takardun kwastan, hoton fasfo da katin zama na kowa a gidan, aikin makarantar yara, hotunan bikin da ba za a sake yi ba, muryar mahaifiya da ta turo kafin Allah Ya karɓi abinsa. Wanda ke zaune a garinsu idan takarda ta ɓace zai iya hawa babur ya je a sake masa. Mu da ke ƙetare, takarda ɗaya tana iya jawo tafiyar kwana biyu da tsallake boda. Shi ya sa a wurina fomatin ba a fara da shi, a ƙarshe yake zuwa, kuma sau da yawa ma ba ya magance abin da ya sa aka yi shi.

Abu na farko, tun kafin ka taɓa komai da sunan gyara, ka kwashe kayanka. Ka nemi filas mai girma ko rumbun ajiya na waje, ka kwafe abin da ke kan fuskar kwamfutar da kuma foldojin takardu, hotuna, bidiyo da na abubuwan da aka sauke daga intanet. Wannan na ƙarshen shi ake yawan mantawa, alhali nan ne rasiɗan da aka turo ta imel ko WhatsApp suke zubewa. Akwai kuma wani kuskure da ya yaɗu: mutum ya ce ai ya mayar da komai cikin D, C ne kawai za a share. A yawancin laftof, C da D faifai ɗaya ne aka raba biyu, kamar ɗaki ɗaya da aka gitta wa labule. In faifan ya mutu, duka biyun sun tafi, in kuma mai gyara ya yi gaggawa, yana iya share su tare. Bayan ka kwafe, ka kai filas ɗin wata kwamfutar ka buɗe fayil uku ko huɗu ka gani da idonka. Takardun da suka fi muhimmanci kuma ka aika su Google Drive, akwai gigabait 15 kyauta ga duk mai adireshin Gmail.

Tunda an ambaci Gmail, bari in tsaya nan kaɗan, don wannan ya fi shafar mu matafiya. Da yawa daga cikinmu ba su san kalmar sirrin imel ɗinsu ba, burauza ce ke riƙe musu ita shekara da shekaru. Ranar da aka yi fomatin, ta tafi. Ka ce a turo maka lambar tabbatarwa, sai a tura ta layin da ka buɗe akwatin da shi tun kana Kano ko Maraɗi, layin da ya daɗe a kashe har kamfani ya sayar wa wani. To ka ga an rufe ƙofa, makulli yana hannun baƙo. Tun kwamfutar tana buɗewa, ka shiga ka sauya lambar zuwa wadda ke aljihunka yanzu, ka rubuta kalmomin sirrin a littafi, ka ajiye inda kake ajiye takardun gida.

Gargaɗi ɗaya kafin mu wuce. Idan kana jin faifan yana ƙara, ƙas-ƙas-ƙas, ko kwafin fayil yana tsayawa a tsakiya, kada ka yi ko ɗaya daga cikin abubuwan da zan faɗa a ƙasa. Faifan ne ke gargara. Kwashe mafi muhimmanci tukuna, ka kashe ta, ka nemi wani faifan.

Yanzu gyaran. Na san masu karatunmu na Kumasi da Tamale Windows ɗinsu da Turanci take, na Kwatano, Lome, Yamai, Duwala da Injamena kuma galibi da Faransanci, musamman kwamfutocin gwanjo da ake shigowa da su daga Turai. Saboda haka zan fi ba ku gajerun umarni da ake rubutawa, don su ba ruwansu da harshe. Ka danna maɓallin da ke da tambarin Windows tare da harafin R, ƙaramin akwati zai fito, a nan ake rubuta su. Sai dai a kula da kibod ɗin Faransa, wurin A da Q a musanye yake, haka Z da W, lambobi kuma sai an haɗa da Shift. Idan ka ga kana danna wani harafi wani yana fitowa, ba lalacewa ba ce. Maɓallin Windows tare da dogon maɓallin tazara yana sauya tsarin kibod ɗin, matuƙar an saka fiye da ɗaya.

Ka fara da mafi araha: ka zaɓi "Restart", ko "Redémarrer", maimakon kashewa. Abin zai ba ka mamaki, amma a Windows 10 da 11 kashewar da muka saba ba ta sauke komai gaba ɗaya, tana adana wani ɓangare don ta yi saurin tashi gobe. Sake tayarwar ce ke farawa daga tushe. Wanda kuma kullum rufe murfin laftof kawai yake yi, wataƙila tasa ta yi wata guda ba ta huta ba.

Daga nan ka danna Ctrl da Shift da Esc a tare. Abin da zai buɗe shi ne "Task Manager", a Faransanci "Gestionnaire des tâches", kuma shi ne mai gaya maka gaskiyar halin da ake ciki. Ka shiga sashen "Startup" ko "Démarrage". Duk abin da ke jere a nan yana tashi ne tare da kwamfutar, ko ka kira shi ko ba ka kira ba: Skype da ba wanda ya buɗe tun bara, Spotify, wasannin yara, manhajar wata tsohuwar waya da aka riga aka sayar. Ka tsayar da waɗanda ka gane kuma ba ka buƙatar su da sassafe. Tsayarwa ba gogewa ba ce, duk ranar da kake so za ka buɗe abinka. Wanda ba ka gane ba, ka bar shi tukuna.

Sai ka koma sashen "Performance" ka dubi abu biyu, memori da faifai. Idan memorin gigabait 4 ne kuma kullum a cike yake, ko kuma faifan yana nuna kashi 100 alhali ba abin da kake yi, kuma an rubuta HDD a gefensa, to ka gano ciwon. Tsohon faifai ne mai juyawa, ba zai iya da nauyin Windows ta yanzu ba. Ko sau goma aka yi fomatin, bayan sati biyu za ta koma gidan jiya. Maganinta a sauya faifan da irin wanda ake kira SSD, in da hali a ƙara memori ya kai 8. A duk kuɗin da mutum zai kashe wa tsohuwar kwamfuta, ban san wanda ya kai wannan amfani ba. Tsohon faifan kuma kada ka bar wa mai gyara, kayanka na ciki. A saka maka shi a ɗan akwatinsa mai igiyar USB ya zama ma'ajiyarka ta waje.

Idan ƙarfen lafiya lau yake, sai a duba tarkacen da aka tara. Rubuta appwiz.cpl a akwatin nan, jerin manhajojin da aka ɗora zai fito. Ka jera su bisa kwanan wata, ka dubi abin da ya shigo daidai lokacin da matsalar ta fara. Nan za ka tarar da irin waɗanda ke alkawarin wanke kwamfuta, ƙara mata gudu ko sabunta direbobinta, waɗanda ke nuna maka jan rubutu cewa an samu kurakurai dubu, ka biya a gyara. Ka cire su duka. Garin neman gira ake rasa ido da irin waɗannan. Haka in ka ga manhajar kashe bairos guda biyu ko uku, wata ma wa'adinta ya ƙare tun shekarun baya. Masu gadi biyu a ƙofa ɗaya faɗa za su yi ta yi, kowa yana cajin ɗan uwansa, kwamfutar ce ke shan wahala. Windows 10 da 11 suna zuwa da nasu mai gadin, Microsoft Defender, kyauta, kuma ya isa gida. Da zarar ka cire sauran, shi zai karɓi aiki da kansa. Abin da ke ɗauke da sunan Microsoft, Intel, Realtek ko kamfanin firintarka kuwa, kyale shi.

Batun tallan banza da ke faɗowa ta kusurwar sikirin, wanda ya fi tayar wa iyaye mata hankali, galibi ba bairos ba ne. Wani ne a gidan, garin neman kallon ƙwallo ko sauke fim, wani shafi ya tambaye shi izinin turo sanarwa ya danna amincewa. A Chrome, rubuta chrome://settings/content/notifications a wurin adireshi, za ki ga sunayen shafukan da aka ba izinin, ki cire duk wanda ba ki sani ba. Ki kuma leƙa chrome://extensions ki yi haka. Kuma ki gaya wa yara, duk sanarwar da ta ce kwamfuta ta kamu da cuta a danna nan ko a kira wata lamba, ƙarya ce. Microsoft ba ta aiko wa kowa lambar waya ta wannan hanya.

Wanda yake bairos na gaske, kuma ya addabi 'yan kasuwa, shi ne na filas. Ka kai filas shagon buga takardu a fitar maka da rasiɗi, ka dawo ka tarar foldojinka duk sun koma gumaka masu ɗan kibiya a gindi, ko kuma babu komai, alhali filas ɗin yana nuna a cike yake. Mutane da yawa a nan suke yanke ƙauna su share shi. Kayan suna nan, ɓoye su aka yi. Kada ka danna gumakan nan, danna su ne ke shigar da cutar cikin kwamfutarka. Ka fara sa Defender ya bincike filas ɗin. Sannan ka duba harafin da aka ba shi, a ce E ne, ka rubuta cmd a akwatin, baƙin allo zai fito, sai ka rubuta wannan daidai yadda yake, da tazararsa:

attrib -h -r -s /s /d E:\*.*

Ka ba shi ɗan lokaci. Foldojin za su bayyana, wani lokaci a cikin wata folda marar suna. Ka kwashe su, ka goge gumakan da duk fayil ɗin da ƙarshen sunansa .vbs ne ko .lnk. Idan kuma duk filas ɗin da ka soka sai ya kamu, to cutar ta riga ta zauna a kwamfutar. A cikin zaɓuɓɓukan binciken Defender akwai wanda ake kira "Offline scan", ko "Analyse hors ligne", yana sake tayar da kwamfutar ya yi bincike kafin cutar ta farka, kamar minti 15 yake ɗauka. Nan gaba kuma, ka tura wa mai shagon takardar ta WhatsApp ko imel, filas ya zauna a gida.

Akwai wadda ta fi wannan muni, kuma ƙofarta ɗaya ce sananniya: manhajar sata. Office ko Photoshop ko wasan da aka fasa, wanda kafin a ɗora shi sai an ce ka kashe mai gadi tukuna. Ta wannan hanya ce wata cuta da ake kira STOP ko Djvu ta shiga gidaje a ƙasashe da dama. Tana kulle duk hotuna da takardu, ta ƙara wa sunan kowane fayil wasu baƙin haruffa, ta bar wasiƙa cewa a biya dala 980, ko 490 in an biya cikin awa 72. Cire cutar ba ya buɗe fayilolin, kuma biyan kuɗin ba tabbas ba ne. Wanda ke da kwafi a waje shi ne kawai ke yin dariya ranar. Don haka ma'ajiyar wajen nan kada a bar ta a soke kullum, in an gama kwafi a zare. Mai buƙatar rubutu da lissafi kuma, akwai LibreOffice, kyauta ce ta halal, tana buɗe fayilolin Word da Excel.

Share shara ba ya buƙatar dogon bayani. Rubuta cleanmgr, zaɓi C, sa alama a fayilolin wucin gadi da ragowar sabuntawa, bar shi ya yi aikinsa. Ka dai leƙa kwandon shara kafin a zubar, don na san akwai masu ajiya a cikinsa, kuma in ka ga foldar abubuwan da aka sauke a jerin, kada ka sa mata alama.

Ɗauke wuta ma yana da nasa ɓarnar, ko dumso ake ce masa a garinku ko delestaj. Kwamfutar tebur, ko laftof da batirinta ya mutu, in wuta ta yanke tana tsakiyar rubutu, fayilolin Windows kansu suna iya lalacewa, sai ka ga shuɗin allo ko abubuwa suna ƙin buɗewa. Ka nemi cmd a wurin bincike, ka danna shi da maɓallin dama ka buɗe a matsayin mai iko, ka rubuta sfc /scannow ka jira ya kai ɗari. Shi zai duba ya maye gurbin abin da ya lalace. Idan kuma tana mutuwa da kanta bayan ta yi zafi, fanka tana kuka kamar injin niƙa, wannan ƙurar hunturu ce ta toshe mata hanci, a buɗe a busa, a daina ɗora ta kan katifa ko darduma. Wadda kullum agogonta ke komawa shekarun baya har shafuka su ƙi buɗuwa, ɗan batiri ne mai kamar kwabo a ciki ya ƙare, a yawancin na tebur lambarsa CR2032. Ƙurar nan da batirin nan, ba ɗaya da fomatin ke warkarwa.

Saura magana mai nauyi. Rubuta winver ka ga wace Windows kake da ita. In 7 ce, Microsoft ta daina toshe mata ɓaraka tun 14 ga Janairu 2020, 8.1 kuma tun Janairun 2023. Windows 10 kuwa wa'adinta ya ƙare ranar 14 ga Oktoba 2025, da ƙarin shekara ɗaya zuwa 13 ga Oktoba 2026 ga wanda ya yi rajistar shirin tsawaitawa. Kwamfutar ba za ta daina aiki ba, amma duk sabuwar kafar da ɓarayi suka gano, a buɗe za ta zauna. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A watan Mayun 2017 cutar WannaCry ta tsayar da aiki a asibitoci da dama a Ingila, alhali maganin kafar da ta bi ya fito tun watan Maris, ba a dai ɗora ba ne. Na san abin da ke sa mutanenmu kashe sabuntawa, tsadar data ce. Gara ka nuna wa Windows cewa layinka na awo ne, akwai wurin a saitin intanet, "Metered connection" ko "Connexion limitée", sannan sau ɗaya a wata ka kai ta inda akwai wayfai ko ka sayi datar dare ta sabunta.

Hawa Windows 11 kuwa ba kowace kwamfuta ke iyawa ba. Tana neman wani ɗan guntun tsaro mai suna TPM 2.0, kuma a ɓangaren Intel galibi daga zubi na takwas zuwa sama. Gane zubin ba wuya: i5-8250U na takwas ne, i5-6300U na shida, a irin waɗannan lambar farko bayan ɗan layin ita ce shaida. Mai shirin sayen ta gwanjo ya riƙe wannan, don yanzu ne ake ta zubar da tsofaffin da araha. Akwai masu gyaran da ke tura 11 da ƙarfi a kan wadda ba ta cancanta ba. Tana hawa, amma Microsoft ba ta yi alkawarin ci gaba da sabunta irin wannan ba. Ni dai ba zan shiga asusun banki da ita hankali kwance ba. Tsohuwar da har yanzu da ƙarfinta, in aikinta rubutu ne da intanet da karatun yara, a ɗora mata Linux Mint, kyauta ce kuma ana sabunta ta.

In duk an bi waɗannan abin ya ƙi, ko cutar ta yi katutu, to fomatin ya halatta. Ko a nan ma akwai mataki kafin shi: a saitin Windows akwai "Reset this PC", ko "Réinitialiser ce PC", da zaɓin a bar maka fayilolinka a cire manhajoji kawai. In kuma sai an kai wa mai gyara, ka je da kwafinka a hannu, ka fita daga imel da WhatsApp da ke kan kwamfutar. Ka duba ko faifan a kulle yake da BitLocker, don sababbin kwamfutoci da yawa da kansu suke kullewa. Makullinsa lambobi 48 ne, galibi yana cikin asusun Microsoft da aka fara shiga da shi, kuma in babu shi ba mai iya buɗe faifan. Saboda haka ka tsaya a kansa ya buɗe asusun da imel ɗinka da lambarka, ba nasa ba, ba kuma na yaron shago da zai koma gida bayan Sallah ba. Ka ce masa ba ka son kyautar manhajoji ashirin da suka saba zubawa. Kafin ka bar shagon kuma, a buɗe wa yara nasu asusun daban, na talaka marar ikon ɗora komai, naka mai ikon ka sa masa kalmar sirrin da kai da uwargida kaɗai kuka sani.